Kama da wane ba wane ba ne: katin Raigeki da katin Dark Hole a hannun yaran Alsahafa

Katuna ne guda biyu, dukansu koraye, girmansu ɗaya. An buga su da Ingilishi a jeri guda cikin shekarar 2002, ɗaya na bin ɗaya: wannan lamba 052, wancan lamba 053. Rubutun da ke jikin kowannensu jimla ɗaya ce tak. A bugu na yanzu kowace jimla kalma shida ce, kuma kalma uku na farko iri ɗaya ne. Kalma ukun ƙarshe kaɗai suka raba su. Amma a kan waɗannan kalmomi uku ne kamfanin da ke buga katunan ya hana ɗayansu shiga gasa har shekara 10, kuma a kansu ne yara a nan Alsahafa ke musu, suna cutar juna wurin musaya, wani lokaci har a kai ga cin kwala.

Sunan katunan Dark Hole da Raigeki, na wasan Yu-Gi-Oh. Iyaye da yawa suna ganin irin waɗannan katuna a jakar makaranta ko ƙarƙashin matashi, ba su san ko na mene ne ba. Wasu su ƙwace su jefa a murhu, wasu su kau da kai. Ni malamin Ingilishi ne, kuma ina cikin tsaran da suka tashi suna kallon wannan wasa a tashoshin yara na Larabci, shi ya sa na ga ya dace in ajiye katunan nan biyu a gaban mai karatu mu dube su tare. Wanda ya gane bambancinsu ya gane yadda wasan yake, ya kuma gane inda amfaninsa yake da inda haɗarinsa yake.

Wane irin wasa ne?

Asalinsa daga Japan ne. Wani mai zane, Kazuki Takahashi, ya fara labarin a mujallar Weekly Shonen Jump a 1996. Kamfanin Konami ya fitar da wasan katin a Japan a 1999, sannan ya isa Amurka a 2002. Littafin tarihin bajinta na Guinness ya rubuta a 2011 cewa an sayar da kati fiye da biliyan 25. Shi Takahashi ya rasu a watan Yulin 2022 a tekun Okinawa, amma har gobe ana buga sababbin katuna.

Wasan bai yi kama da kutshinar da manya ke bugawa a kulob da dare ba, irin su konkan da wist. A kutshina tarin karta ɗaya ne, kowa ya san abin da ke ciki, a raba a buga. A nan kuwa kowane ɗan wasa shi ke haɗa tarinsa da kansa, daga kati 40 zuwa 60, kuma ba a yarda ya sa kati iri ɗaya fiye da uku ba. Kowa na farawa da maki 8000, da kati biyar a hannu. Wanda makinsa ya fara ƙarewa an cinye shi. Katunan kashi uku ne: dodanni, waɗanda ake ajiyewa a fili su kai hari ko su tare hari, koraye, waɗanda ake bugawa su yi wani aiki nan take, da masu launin hoda, wato tarkuna, da ake kifewa a jira abokin karawa ya faɗa. Kowane ɓangare na da manyan gurabe biyar na dodanni. Katin da aka kashe ko ya gama aikinsa ana tura shi gefe, wurin da wasan ya sa wa suna maƙabarta.

Babu alƙali a zaure, babu littafin doka a hannun yara. Dokar kowane kati tana rubuce a jikinsa, da ƙananan baƙaƙe. Wannan shi ne abin da ya sa malamin harshe ba zai raina wasan ba.

Kalma uku

Dark Hole yana cewa a kashe duk dodannin da ke fili. Raigeki yana cewa a kashe duk dodannin da ke ƙarƙashin ikon abokin karawarka. Shi ke nan. Babu wanda ke neman ka biya maki, babu wanda ke neman ka jefar da wani kati kafin ya yi aiki. Dukansu ana buga su a irin lokaci ɗaya, wato idan layi ya zo kanka. Dukansu suna kashe dodon da ke buɗe da wanda ke kife. A jerin farko na 2002, mai suna Legend of Blue Eyes White Dragon, darajar ƙarancinsu ma ɗaya ce.

Hotonsu ne ya bambanta: Dark Hole baƙin rami ne mai juyawa, Raigeki tsawa ce ta faɗo daga sama. Akwai wani abin dariya game da sunan. Raigeki kalmar Japananci ce mai nufin saukar tsawa, amma a bugun ƙasashen waje ne kawai katin ke ɗauke da ita. A Japan ɗin kanta sunan Ingilishi suka ba shi.

To, rami ba ya zaɓe, duk wanda ke kusa haɗiye shi yake, naka da na wani. Tsawa kuwa a wannan wasa ɓangare ɗaya take sauka. Yaron da ya karanta kalma uku na farko ya tsaya, zai rantse maka katunan iri ɗaya ne. Kuma a wasu lokuta gaskiya ya faɗa.

Mu yi lissafi a kan tabarma

Hali na farko: abokin karawarka yana da dodanni uku a fili, kai ba ka da ko ɗaya. Ka buga Raigeki, ukun su tafi. Ka buga Dark Hole, ukun su tafi. Ka kashe kati ɗaya, shi ya yi asarar uku. A nan babu bambanci ko na ƙwayar zarra, kuma daga nan ne yara ke ɗauko hujjarsu, domin wanda ake dannewa shi ya fi buga irin waɗannan katuna, kuma wanda ake dannewa sau da yawa filinsa fayau yake.

Hali na biyu: yana da uku, kai kana da biyu, a ce Blue-Eyes White Dragon mai ƙarfin hari 3000 da Dark Magician mai 2500. Idan ka buga Raigeki, nasa uku sun tafi, naka biyu na tsaye, gabansa a buɗe. Ka kai hari kai tsaye, 3000 da 2500, ka zare masa 5500 daga cikin 8000 a zagaye ɗaya. Idan kuwa Dark Hole ka buga, nasa uku sun tafi, naka biyu sun bi su, ga katin da ka buga. Uku da uku, an yi canjaras, kuma manyan dodanninka da ka sha wahalar fitarwa suna maƙabarta. Kalma uku sun ci maka maki 5500.

Hali na uku: kana da dodanni, shi ba ya da ko ɗaya. Raigeki ba ya ma buguwa, don babu abin da zai kashe. Dark Hole yana buguwa, sai dai naka zai ci. Mai hankali ba zai yi haka ba, sai in yana da dalili. Kuma akwai dalilin, shi ne abin da ya sa gardamar ba ta ƙare a hali na biyu ba.

Inda Dark Hole ke shan gaba

Akwai dodannin da mutuwarsu ta fi rayuwarsu amfani. Sangan ƙaramin dodo ne, ƙarfin harinsa 1000 kacal, amma idan ya bar fili ya tafi maƙabarta yana ba ka damar ka binciko tarinka ka ɗauko dodon da ƙarfin harinsa bai wuce 1500 ba. Witch of the Black Forest ma haka take, sai dai ita ƙarfin kariya take dubawa. Idan Sangan ne kaɗai a filinka, abokin karawa na da uku, Dark Hole ya share nasa ukun, ya kashe Sangan, kai kuma ka samo katin da kake nema ya shigo hannunka. Raigeki zai bar Sangan a tsaye, katin da kake so na can cikin tari. Akwai ma dangin katuna guda, Fire King, da aka gina su a kan haka: babbansu, Garunix, idan aikin wani kati ya kashe shi, yakan dawo daga baya ya share sauran dodannin da ke fili. Mai irin wannan tari murna yake idan Dark Hole ya zo hannunsa.

Sai kuma batun jeri. A kowane zagaye sau ɗaya ake ajiye dodo ta hanyar da aka saba. Ɗan wasa mai haƙuri, idan ya san yana riƙe da Dark Hole, ba ya gaggawar zuba dodanninsa a fili. Sai ya bari abokin karawa ya cika nasa ɓangaren, ya buga Dark Hole tukuna, sannan ya ajiye dodonsa a fili mai tsabta ya kai hari. Da wannan dabara Dark Hole ya yi aikin Raigeki. Mai gaggawa kuwa ya ajiye dodo, sannan ya tuna da katin, ya buga, ya cinye abinsa da hannunsa. Na ga wannan ya faru ba sau ɗaya ba, kuma kullum sai an yi ihu.

Ashe ke nan Raigeki kati ne mai sauƙi, ko jiya ka fara wasa ba zai cuce ka ba. Dark Hole kuwa yana tambayarka me ke filinka, me ke hannunka, wanne za ka fara bugawa.

Hukuncin masu wasan

Konami na fitar da jeri lokaci-lokaci na katunan da aka hana a gasa, da waɗanda aka taƙaita zuwa ɗaya ko biyu. A jerin Oktoban 2004 na ƙasashen da ke wajen Asiya, Dark Hole da Raigeki duk an hana su. Daga nan hanyarsu ta rabu. Dark Hole aka ɗan sake shi, aka kuma rufe, har a Satumban 2010 aka yarda kowa ya sa guda ɗaya. Raigeki kuwa bai ga filin gasa ba sai Oktoban 2014, shekara 10 cif. A Japan, inda suke da jerinsu daban, sai 2019 aka sake shi.

Dalilin a fili yake. Katin da ke cin kowa yana da birki a jikinsa: wanda ke kan gaba ba ya son buga shi, don haka ya fi taimakon wanda aka danne ya farfaɗo. Katin da ke cin ɓangare ɗaya ba shi da birki, yana taimakon na baya, yana kuma ƙara wa na gaba gudu. A 2005, Raigeki na cikin hani, kamfanin ya fitar da wani ƙaninsa mai suna Lightning Vortex. Shi ma dodannin abokin karawa yake kashewa, amma da sharaɗi biyu: sai ka jefar da kati ɗaya daga hannunka, kuma dodannin da ke buɗe kaɗai yake taɓawa. Ka ga yadda ake auna ƙarfin kati: ba a canja hoto ba, kalmomi aka ƙara.

Gardama a hutun fatur

Wata rana a hutun fatur yara biyu suka same ni a gindin bishiyar darbejiya, kowa na huci. Ɗaya ya buga Raigeki, ɗayan ya mayar da martani da wani kati mai suna Mystical Space Typhoon, wanda ke lalata koren kati ko tarko guda a fili.

"Ya Ustaz, na lalata masa katin, ai tsawar ba ta sauka ba ke nan."

"Wallahi Ustaz ta sauka, yayana ya ce ta sauka!"

Na ce su bar maganar yaya, su karanta mini katin da ƙarfi. Da ƙyar, ana tuntuɓe, aka kai ƙarshen jimlar. Na tambaye su: kalmar da ke nan lalatawa take nufi ko sokewa? Suka yi shiru. A dokar wasan, lalata kati daban, soke aikinsa daban. Raigeki da zarar an buga shi aikinsa ya tashi, ko ka lalata takardar sai tsawar ta sauka, kamar wanda ya harba kibiya ka zo ka karya bakan. Mai Raigeki ne da gaskiya, amma shi ma bai san dalili ba. Washegari na shiga aji da waɗannan kalmomi biyu, kuma ban taɓa ganin darasin ƙamus da yara suka saurara kamar wannan ba.

Wasan cike yake da irin wannan. Tun 2011 Konami ta sake tsarin rubutun katuna ta yadda ko alamomin rubutu suna da hukunci: abin da ya zo kafin ɗigo biyu shi ne sharaɗin buga katin, abin da ya zo kafin ɗigo da waƙafi shi ne abin da za ka biya ko ka nuna tun farko. Katin da ya ce "lokacin da" kaza ya faru kana iya yin kaza, da wanda ya ce "idan" kaza ya faru kana iya yin kaza, ba hukuncinsu ɗaya ba: na farkon damarsa na iya wucewa in wani abu ya shiga tsakani, na biyun ba ta wucewa. Wanda ya zauna gaban malamin balaga ba zai yi mamaki ba, don a Larabci ma an raba "in" da "iza", ɗaya ga abin da ake shakkar faruwarsa, ɗaya ga abin da ake da tabbacinsa.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan da muhimmanci kowa ya sani. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 makarantu suka rufe, kuma a Oktoban wannan shekarar UNICEF da Save the Children suka ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Alsahafa, kamar sauran unguwannin kudancin Khartum, ta watse. Wasu iyalai suka nufi Gadarif, wasu Kassala, wasu Maiurno wurin dangi, wasu suka tsallaka iyaka. Yaran da suka dawo sun ƙara tsawo, amma karatun da yawansu ya ja baya. Yaro ya iya kiran baƙaƙe, amma ba ya kai jimla ƙarshe. Ya kama farkonta ya cike sauran da zato. Wannan ɗabi'a ita ce ke kayar da shi a jarrabawa, kuma ita ce za ta kayar da shi gobe a gaban takardar haya, ko takardar magani, ko saƙon da aka turo masa ta waya ana neman lambarsa ta sirri. Littafin aji bai cika hukunta mai karatun rabi nan take ba. Katin Dark Hole kuwa nan take yake hukunta shi, a gaban abokansa.

Na gaske da na jabu

Akwai wani kwatanci na biyu da ya fi shafar aljihun iyaye: kati biyu masu suna ɗaya, hoto ɗaya, ɗaya na kamfani, ɗaya na jabu. Kayan wasan yara kan shigo ta manyan kasuwanni irin su Suk Libya a Umdurman, su gangaro ƙananan kantuna na bakin makaranta, kuma mafi yawan katunan da na gani a hannun ɗalibaina ba na kamfani ba ne. Ga alamomin da ake dubawa.

Na farko, harshe. Konami na buga katunanta da Japananci, Koriyanci, Sinanci, Ingilishi, Faransanci, Jamusanci, Italiyanci, Sifaniyanci da harshen Fotugal. Ba ta buga su da Larabci. Duk katin da ka gani da rubutun Larabci, wani ne ya buga abinsa.

Na biyu, girma. Katin gaske faɗinsa milimita 59, tsawonsa 86, ya ɗan fi na Pokémon ƙanƙanta, wanda yake 63 da 88. Na uku, a kusurwar ƙasa ta dama akwai ɗan murabba'i mai ƙyalli: a tsofaffin bugu na Ingilishi, ruwan zinariya ga bugun farko, ruwan azurfa ga bugun da ya biyo baya. A na jabu sau da yawa babu shi, ko kuwa hotonsa aka buga, ba ya ƙyalli. Na huɗu, a kusurwar ƙasa ta hagu akwai lamba mai alƙaluma takwas. Ta Dark Hole 53129443, ta Raigeki 12580477. Ka rubuta lambar a intanet, rubutun katin na asali zai fito, ka gwada da wanda ke hannunka. Na biyar, kuskuren rubutu, da ƙarfin hari na hauka, da kati mai walƙiya tun daga sama har ƙasa kamar takardar alawa.

Kada mai karatu ya ɗauka jabu sai a ƙananan kasuwanni. Kamfanin Upper Deck, wanda a wancan lokacin shi ne ke rarraba katunan a hukumance a Amurka tun daga 2002, Konami ta kai shi kotu a 2008, kuma a ƙarshen 2009 kotun tarayya a Kalifoniya ta same shi da buga katunan Yu-Gi-Oh na jabu. A Janairun 2010 suka sasanta. Kuɗin da ke cikin harkar ne ke jawo haka. A wasan Pokémon akwai katin Charizard na 1999 da aka buga fiye da sau ɗaya. Aikinsu a wasa ɗaya ne, bambancin ɗan hatimin bugun farko ne da rashin inuwa a gefen hoton. Wani mai wannan hatimi, wanda bai taɓa ƙwarzanewa ba, an sayar da shi dala 420,000 a watan Maris na 2022. Irin waɗannan labarai yara ke gani a YouTube da TikTok, sai wani babba ya zo ya ce musu katin da ke hannunsa irinsa ne.

A ganina katin jabu ba laifi ba ne a wasan ƙofar gida, muddin kowa ya san jabu ne kuma an saye shi a kuɗin jabu. Matsala biyu ce. Ta farko, rubutunsa kan zo a gurɓace, domin an fassara shi daga harshe zuwa harshe ba kula. Na taɓa riƙe wani mai hoton Dark Hole wanda jimlarsa ba ta nuna ko filin wa za a share ba, kuma a irin wannan mai ƙarfin murya ne ke cin gardama. Ta biyu, a sayar wa yaro da shi a matsayin na gaske. Wani uba ya kawo mini kati guda cikin leda, ya ce, "Malam, duba mini wannan, kuɗin fatur na sati biyu yaron nan ya tara ya ba wani." Ko ɗan murabba'in babu. Araha ba ta ado, amma wannan ko arahar bai samu ba.

Inda wasa ke komawa caca

Damuwar iyaye a nan tana da tushe. A 2001 hukumomin Saudiyya sun hana wasan Pokémon da katunansa, kuma cikin dalilan da aka bayar har da kamanninsa da caca. Masu ƙirƙirar irin waɗannan wasanni su ma sun ci karo da batun. Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield ya tsara aka fitar a 1993, kuma shi ne kakan wannan fanni, ya fara ne da dokar cewa kowane ɗan wasa ya ajiye kati ɗaya, wanda ya ci ya kwashe. Ba a daɗe ba aka jingine dokar, kuma ba a yin ta a gasa. A dokokin Yu-Gi-Oh babu inda aka ce wanda ya ci ya ɗauki katin wanda aka cinye. Yara ne ke ƙara wannan da kansu, kuma daga ranar da aka ƙara shi sunan abin ya canja. Haka ma sayen ƙunshi a rufe, yau ɗaya gobe biyu, ana fatan babban kati ya fito, ɗabi'a ce da ya kamata uba ya sa wa ido. Wasu iyayen kuma sunayen katunan da hotunan dodanni da na bokaye ne ba su kwanta musu ba, kuma uban da ya ce ba a gidansa ba, yana da iko da gidansa.

Ga waɗanda suka bar 'ya'yansu suna yi, ga ƙa'idojin da na ba ɗalibaina. Ba a cin katin kowa, an gama wasa kowa ya tattara nasa. Ba a musaya sai kowa ya karanta katin ɗan'uwansa da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe, a gaban mutum na uku. Ba a sa kuɗi a tsakani sai da sanin babba a gida. Ba a fito da kati a aji, kuma an kira salla an tashi. Babban yaro ba ya musaya da ƙarami sai yayan ƙaramin ko wani babba na wurin, domin yawancin cutar da na gani ta nan take shigowa: a karɓe Raigeki a hannun ɗan shekara tara, a ba shi Dark Hole, a ce masa ai duk ɗaya ne.

To wanne za a ɗauka?

Idan wuri ɗaya ya rage a tarinka, kuma dodanninka irin masu tsayawa a fili su yi faɗa ne, ɗauki Raigeki, ba sai ka yi dogon tunani ba. A mafi yawan halaye ko dai ya yi daidai da Dark Hole ko ya fi shi. Idan tarinka na da irin su Sangan, ko dodannin da ke amfana da a kashe su, Dark Hole ya cancanci wurinsa. Idan akwai wuri biyu, sa duka biyun, ka riƙa tuna cewa Dark Hole kafin ajiye dodo ake buga shi. Wurin musaya kuwa, in dukansu na gaske ne kuma lafiyarsu ɗaya, mai ba da Raigeki ya karɓi Dark Hole shi kaɗai ya sani cewa ya ba da kati mafi ƙarfi.

Ga iyaye kuma, kafin a ƙwace ko a kau da kai, a gwada wannan: a zaro kati ɗaya daga tarin, a miƙa wa yaron, a ce ya karanta ya fassara da Hausa ko da Larabci, ya kuma faɗi filin wa katin zai taɓa. Ko uba bai iya Ingilishi ba zai ji inda yaron ke tuntuɓe da inda yake cikewa da zato. Minti biyar ya isa a san matsayin karatunsa, a kuma tambaye shi daga ina katin ya fito da nawa ya biya.